Ba A Karatu Bayan Baba

Alhamis, 2 ga wata, bakwai na safe

Na tashi da gwiwar hagu a kumbure. Tarin ya yi sauƙi. Na sha ƙwayar hawan jini da ruwan ɗumi, na zauna bakin gado har jirin ya wuce. Shekara saba'in da tara, jiki da jini, ba abin ƙorafi ba ne.

Yau ranar Auta ce. Na share ɗaki, na kakkaɓe kujera.

Alhamis, biyar da rabi na yamma

Ta zo, ta tafi.

Auta ce ta ƙarshe cikin waɗanda na koya wa aikin gyaran rubutu a maɗaba'ar da na yi shekara arba'in da ɗaya. Ta zo mini tana 'yar shekara goma sha tara, ko waƙafi tsoron sa shi take yi. Yau ga furfura a goshinta, kuma ita ke zaune a kujerata, tana shugabantar mutum uku a ɗakin gyara. Shekara goma sha biyu da na bar aiki, kowace Alhamis sai ta biyo da 'yan shafukan da suka ɗaure mata kai. Mu sha shayi, mu yi gardama a kan aya da waƙafi, ta tafi. Ban da ita da maƙwabciyata Mai ɗinki, babu mai taka ƙofar nan.

Yau ba ta zo da shafi ko ɗaya ba.

Ta ce, "Baba, sun kawo shi fa."

Na ce, "Wa?"

"Ɗan Gata."

Sunan da ma'aikata suka sa wa na'urar ke nan. A cikin kwamfuta take. A zuba mata littafi sukutum, kafin shayi ya huce ta dawo da shi a gyare. Sabon manaja yana kiranta ƙirƙirarriyar basira. Na ce basirar da na sani baiwa ce, ba ƙera ta ake yi ba. Auta ta ce shekara nawa muka yi muna roƙon fanka ɗaya a ɗakin nan? Shi Ɗan Gata ranar da ya iso aka sa masa na'urar sanyi, har da labule.

Mun yi dariya. Sai ta faɗi abin da ya kawo ta.

Manaja zai yi gwaji. Ya ɗauki wani littafin kiwon lafiya na 'yan makaranta, shafi tamanin, ya sa an dasa kurakurai sittin a ciki, shi kaɗai ya san inda suke. Kwafi ɗaya na Ɗan Gata, ɗaya na ɗakin gyara. In ɗakin ya kamo na'urar ko ya wuce ta, ɗaki ya zauna. In ba haka ba, mutum ɗaya za a bari ya riƙa leƙa abin da na'urar ta yi, uku su tafi gida.

Ta ce, "Kowa shafi ashirin. Ni zan sake bin na mutum ukun nan layi-layi, don haka ba ni da lokacin nawa. An hana fita da takarda, amma zan ɓoyo maka rabona. In idonka ya bi su, na huta. Ba a karatu bayan Baba."

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Kawo."

Juma'a, 3 ga wata, goma na safe

Gwiwa tana nan. Ƙwan lantarkin ɗakin nan ba shi da ƙarfi. Na aika a sayo wani.

Asabar, 4 ga wata, huɗu na yamma

Maganar nan da Auta ta faɗa, ba ita ta ƙirƙire ta ba. Tsohuwar magana ce a maɗaba'a. Duk shafin da na gama, nakan yi masa wata 'yar alama da jan biro a kusurwar ƙasa, ma'aikata suna ce mata ƙafar kaza. Shafin da ke da ƙafar kaza kai tsaye yake wucewa kan inji. Ba mai sake kallonsa.

Yadda nake yi kuwa, ba na karanta shafi daga sama. Nakan ɗora rula a ƙarƙashin layin ƙarshe, in fara daga kalmar ƙarshe in yi baya, kalma-kalma, har sama. Wanda ya karanta daga farko ma'ana ce ke jansa, yana ganin abin da yake tsammani ne, ba abin da ke kan takarda ba. Wanda ya karanta daga baya ba shi da ma'anar da zai jingina da ita, dole ya kalli kowane harafi a fuska. Ta haka ake kama ƙugiya. Ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b. 'Yar lanƙwasa ce da ba ta kai kan allura ba, amma ita ta raba baƙi da baki, ita ta raba ƙasa da kasa.

A shekararta ta farko na kama Auta tana sake bin wani shafi mai ƙafar kaza. Mako guda ban amsa gaisuwarta ba. Ta yi kuka a bayan ɗakin takarda. Daga ranar ba ta ƙara ba, kuma ita ke tsoratar da sababbin zuwa da labarin.

A lokacin na ɗauka tarbiyya nake yi.

Litinin, 6 ga wata, uku na yamma

Na je asibiti, Mai ɗinki ta raka ni. Ba don gwiwa ba.

Wurin ya canja. A da akwai wata mata a bakin ƙofa da ke ba da kati, takan tambaye ni lafiyar gida. Yanzu allo ne a bango, kai za ka danna. Mai ɗinki ta danna mini. Aka zaunar da ni gaban wani akwati, wata murya daga ciki ta ce in ɗora haɓa, in kalli ɗigon haske. Na ce wane ɗigo? Muryar ta sake cewa in kalli ɗigon haske. Sau huɗu tana faɗa, ba ta gaji ba, ba ta kuma ji ni ba.

Daga baya takarda ta fito ta wata kafa. Na tambayi wani ma'aikaci ina likita. Ya ce likita ɗaya ne yanzu, yana ganin waɗanda na'ura ta ware ne kawai, za a kira ni a waya.

Takardar tana cikin aljihun tebur. Rubutun ƙanana ne ƙwarai. Masu ɗab'in yanzu ba su san aiki ba.

Laraba, 8 ga wata, takwas na safe

Ƙirji ya yi nauyi. Gobe zan gaya wa Auta.

Alhamis, 9 ga wata, shida na yamma

Ta zo da ambulan a ƙarƙashin mayafi kamar ɓarauniya, tana dariya.

"Baba, ga amanarka. Babi na uku, na ƙasusuwa. Alhamis mai zuwa zan karɓa, Juma'a mu miƙa."

Ta rame. Ta ce ba ta tashi daga tebur sai masu gadi sun kore ta. Ɗaya daga cikin mutanenta matarsa ta kusa haihuwa. Ɗaya kuma ya haura hamsin, ya ce mata in aka sallame shi bai san ko sayar da ruwa zai iya ba. Ita kanta ba ta faɗi nata ba, amma na sani. Mijinta ya shekara uku a kwance.

Ta ce, "Jiya ban yi barci ba sai da na tuna akwai ka. Abin da babba ya hango, Ɗan Gata ko ya hau rimi."

Na ce shayinta yana hucewa.

Ban gaya mata ba. Ta yi dariya sau biyu a ɗakin nan yau, ta ce rabonta da dariya tun makon jiya. Yaya zan yi?

Juma'a, 10 ga wata, sha ɗaya na safe

Na fito da rula da jan biro. Na jawo tebur bakin taga. Na ɗora rula a layin ƙarshe na shafin farko.

Tawadar ba ta kama ba. Takardar tana ƙyalli.

Juma'a, uku na yamma

Shafi ɗaya. Kaina kamar zai rabe.

Asabar, 11 ga wata, tara na safe

Daga baya ba ya yiwuwa. Na gwada har sau shida. Kalmar takan tsaya a gabana kamar mutum a cikin hazo, in ga tsayinsa, in ga faɗinsa, ban ga fuskarsa ba. In na fara daga sama kuwa ina tafiya, domin na san abin da ya kamata jimla ta ce.

Na san ma'anar wannan. Ni na koya wa mutane ma'anar wannan.

Daga sama nake karantawa yanzu. Na ɗan lokaci ne, kafin haske ya gyaru.

Lahadi, 12 ga wata, biyar na yamma

Ɗana ya kira daga garin da yake aiki. A babban ɗakin ajiyar kaya yake. Ya ce su ma an kawo musu wasu kekuna da ke yawo da kansu suna ɗauko kaya, rabin abokansa an sallame su, shi dai ya tsira a wannan karon. Na yi masa addu'a. Ya tambayi jiki, na ba shi labarin gwiwa.

Na ce masa ina ɗan wani aiki, rubutun ya yi ƙanana.

Ya ce, "Haba Baba, ai wayar da na saya maka tana karatu. Ka ɗora ta a kan takarda kawai, za ta karanta maka da murya, har gyara takan yi."

Na ce, "Wato in kira ƙanin Ɗan Gata ya taya ni yaƙi da yayansa?"

Bai gane ba, ya yi dariya dai. Ya ce kuɗin waya na tafiya.

Bayan ya ajiye na daɗe da wayar a hannu. Na mayar da ita ƙarƙashin filo. In na yi haka, ƙafar kazar wa zan sa?

Litinin, 13 ga wata, sha biyu na rana

Mai ɗinki ta shigo da ruwan zafi ba sallama, ta same ni da tabarau biyu a fuska, gilashin ƙara girma a hannu, hancina yana taɓa takarda.

Ta ce, "Baba tsoho, karantawa kake yi ko sunsunawa?"

Na ce ta hau kujera ta canja mini ƙwan nan.

Ta ajiye flas, ta riƙe ƙugu. "Ƙwai uku ka canja a wata ɗaya. Wannan ɗakin ya fi shagona haske, ni kuwa zare nake zurawa a allura. Ba ƙwan ba ne, Baba."

Na ce ban tambaye ta ba.

Ta ce, "To ba ka tambaye ni ba. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Baiwar Allah nan da ke zuwa ranar Alhamis ta san halin da kake ciki?"

Sai na miƙa mata shafi, na ce ta duba mini layi na huɗu, kalma ta biyu, akwai ƙugiya a kan harafin farko ko babu?

Ta kai shi taga, ta juya, ta ce, "Wace ce ƙugiya kuma? Mu a waya ba ma sa wannan abin, kuma ana ganewa."

Na nuna mata a bayan ambulan, na zana babba. Ta sake dubawa ta ce kamar akwai, kamar babu. Ta ce tana da ɗinkin mutane, in na ga dama da yamma ta zo mu bi tare. Na ce a'a. Amana ce, ba a nuna wa kowa.

Ba don amana ba ne.

Talata, 14 ga wata, bakwai na safe

Ban ci komai ba jiya. Shafi goma sha ɗaya.

Talata, huɗu na yamma

Na kama ɗaya babba! A inda ake bayanin wanda ya faɗo ya karye a baya, an rubuta, "A motsa shi kafin ma'aikatan lafiya su iso." An cire kada. Kalma ɗaya, ta isa ta kashe mutum. Na zagaye wurin da ja. Na yi magana ni kaɗai, na ce har yanzu da saura.

Biyar ke nan na samu. Kalmar da aka maimaita, layin da aka tsallake, lamba da ta saɓa da ta shafin baya, da irinsu.

Laraba, 15 ga wata, goma na safe

Sittin a raba huɗu, goma sha biyar. Ni biyar na samu.

Wataƙila manaja bai raba daidai ba. Wataƙila ya tara su a sauran babobin. Mutum ne, yana iya yin haka.

Laraba, biyu na rana

Wataƙila bai raba daidai ba.

Laraba, biyar na yamma

Na gama. Na ɗauki jan biro na yi ƙafar kaza a shafi ashirin, ɗaya bayan ɗaya. Hannu ya san hanya, ba ya neman kowa ya nuna masa. Haka ma littafin nan nake rubuta shi, da manyan baƙaƙe, kuma ba na komawa in karanta.

Gobe kafin ta zauna zan ce, Auta, ki sake bi. Kalma huɗu. Na faɗe su da ƙarfi sau goma don harshe ya saba.

Alhamis, 16 ga wata, shida da rabi na yamma

Na faɗa. Allah shaida ne na faɗa.

Ta zo a gurguje, ko zama ba ta yi ba. Ta zaro shafukan rabi daga ambulan, ta ga kusurwa, ta dafe ƙirji.

"Ƙafar kaza! Wallahi na yi kewarta."

Na ce, "Auta, ki sake bi."

Ta tsaya tana kallona. Sai ta fashe da dariya. "Baba ke nan! Yau ma gwada ni kake yi? Shekara talatin ban manta ba. Mako guda ka hana ni gaisuwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi."

Na ce, "Ba wasa nake yi ba."

"Na sani, ai ba ka taɓa wasa ba." Ta mayar da shafukan, ta lashe bakin ambulan ta manne. "Ko ina so ma ina lokacin? Shafi goma sha takwas na jirana kafin gobe."

A nan ya kamata in ƙara kalma ɗaya. Dalilin. Yana bakina, ina jin ɗacinsa. Ta durƙusa ta ce in sa mata albarka. Na sa mata.

Ta ce Alhamis mai zuwa ba za ta samu zuwa ba, ranar ce manaja zai tara su ya faɗi sakamako.

Na ji takunta har ƙarshen layi.

Juma'a, 17 ga wata, takwas na safe

Yau za su miƙa. Wayar tana hannuna.

Juma'a, ɗaya na rana

Yanzu sun miƙa.

Lahadi, 19 ga wata, huɗu na yamma

Gwiwa, ƙirji, jiri. Ba sabon abu.

Na ba Mai ɗinki takardar asibiti ta karanta mini. Ta fara da ƙarfi, ta rage murya, ta tsaya. Ta ce, "Sun kira ka?" Na ce ba su kira ba. Ta ce gobe za ta rufe shago mu koma. Na ce ta mayar da takardar inda ta ɗauko.

Ta ce, "Ka gaya wa ɗanka."

Na ce yana da kekunansa da ke damunsa.

Talata, 21 ga wata, sha ɗaya na safe

Na tuna wani abu. Lokacin da aka kawo injin farko da ya kori masu jera haruffa da hannu, ina matashi. Mutum tara suka tafi a rana ɗaya. Babbansu ya tsaya a ƙofar ɗakinmu da ledar kayansa, ya ce mini, "Ku masu jan biro kun ji daɗi, ido ba shi da inji." Na yarda da shi. Ban ma raka shi bakin titi ba, ina da shafuka a gabana.

Ban san inda ya ƙare ba. Ban taɓa tambaya ba.

Alhamis, 23 ga wata, tara na safe

Yau ne.

Alhamis, shida na yamma

Ba kira. Ai ta ce ba za ta zo ba. Taro yakan yi tsawo.

Juma'a, 24 ga wata, shida na yamma

Ba kira.

Asabar, 25 ga wata, biyar na yamma

Dogo ya zo. Shi ke tuƙa babban injin ɗab'i, tun zamanina yake wurin. Rabonsa da gidan nan tun rasuwar matata. Da na ji muryarsa a ƙofa na san ba alheri ya kawo shi ba.

Ya zauna, ya yi ta zagaye. Ya ce shi har yanzu ana buƙatarsa, don Ɗan Gata bai iya ɗaukar takarda a kafaɗa ba tukuna. Ya tambayi gwiwa. Na ce, "Dogo, faɗi."

Ya ce na'ura ta kama hamsin da shida. Ɗakin gyara arba'in da uku.

Ya ce manaja ya tara kowa, har masu shara. Ya ɗauki babi na uku ya tsaya a gaba yana karantawa yadda aka bar shi. "Madara tana ƙarfafa kashi." Aka fara ƙunshe dariya. "Likita zai ɗauki hoton kashinka." Wani ya faɗi daga kan benci. "Ka kula da kashinka, domin shi ke ɗauke da kai." Dogo ya ce Allah ya yafe masa, shi ma sai da ya yi hawaye don dariya, kafin ya dubi fuskar Auta.

Ƙashi. Babin ƙashi ne. Kalmar tana kowane shafi.

Goma sha bakwai ɗakin ya bari suka wuce. Goma sha huɗu a wannan babin suke, dukansu ƙugiya. Da an kama su, da ɗakin ya wuce na'urar da ɗaya.

Da ɗaya.

Ya ce manaja ya tambaya wa ya karanta babin. Auta ta miƙe ta ce, "Ni ce." Ta ce amma a duba shafi na hamsin da biyu, inda aka cire kada. Na'urar ta wuce shi, domin jimlar a wurinta lafiya lau take. Ta ce wannan ɗaya ya fi goma sha huɗun nan nauyi, kashi ba ya kashe kowa. Manaja ya ce gaskiya ne, shi ya sa za a bar mutum ɗaya. Amma ba zai bar wadda ba ta iya raba ƙashi da kashi ba.

Mai jiran haihuwa aka bari. Sauran uku ƙarshen wata.

Na tambaye shi ko zai sha shayi. Ya ce a'a. Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya ya ba ni baya.

Ya ce, "Ni na kwashe takardun daga tebur bayan taro. Yaran yanzu ba su san alamar ba. Ni na san ta."



Ya ce, "Ban gaya wa kowa ba, Malam. Ita ma ba ta faɗa ba."

Lahadi, 26 ga wata, bakwai na safe

Da ɗaya.

Lahadi, uku na yamma

Da na ɗora wayar a kai. Da na bar Mai ɗinki ta zauna. Da na ƙara kalma ɗaya kafin ta manne ambulan. Hanya uku aka ba ni, na rufe su da hannuna, don kada a ce.

Kada a ce me? Wa ya rage da zai ce?

Litinin, 27 ga wata, goma na safe

Na sa Mai ɗinki ta nemo mini lambar Auta a waya ta danna. Ta yi ƙara har ta kusa yankewa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, Auta. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

Ina jin ƙarar inji a bayanta, tana wurin aiki ke nan, tana cika kwanakin da suka rage.

Ta ce, "Baba, tun yaushe?"

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Ki zo Alhamis. Ba maganar waya ba ce. Zan gaya miki da bakina."

Ta ce, "To. In Allah ya yarda."

Talata, 28 ga wata, huɗu na yamma

Shekara biyu. Amsar ke nan. Ya fara da idon dama. Shafukan da take kawowa duk Alhamis, ita ke karanta mini wurin da ya dame ta da baki, ni kuma in ba da fatawa, ba ta taɓa lura ba. Na bar ta a haka, domin in babu shafuka ban san abin da zai kawo ta ba.

Wannan ma zan faɗa mata. Shi ne mai wuyar.

Laraba, 29 ga wata, tara na safe

Ƙirji ya matsa. Na ƙi zuwa asibiti, kada su riƙe ni har gobe.

Na shirya abin da zan yi. In ta yarda, zan je wurin manaja da sandata, in ce ni ne, hannuna ne, a sake gwada ta ita kaɗai da wani littafin. Ban sani ba ko zai saurari tsoho. Amma sai da izininta, domin in na faɗa, an san ta fitar da takarda. Ko wannan ba zan iya yi ba sai ta zo.

Alhamis, 30 ga wata, biyu na rana

Na yi wanka, na sa farar riga. Na fitar da kujera ƙofar gida don kada ta sha wahalar ƙwanƙwasawa.

Alhamis, huɗu na yamma

Takan iso war haka. Ranar sallama ce ta gabato, akwai miƙa makullai da sauransu.

Alhamis, bakwai saura na yamma

Sau uku na miƙe na ce "Sannu da zuwa, Auta" ga matan da ba ita ba. Ɗaya ta amsa don ladabi ta wuce. Ɗaya ta ce, "Baba, lafiya?"

Da rana ta faɗi sai wani tunani ya zo mini, ko ta zo ta tsaya daga nesa tana kallona, ta kasa ƙarasowa. Da hakan ya faru ba zan sani ba. Na kira Mai ɗinki, wadda kekenta ke fuskantar bakin layi tun azahar, na tambaye ta ko ta ga wata ta tsaya.

Ta ce, "Babu, Baba. Na yi ta dubawa."

Ita nata idanun lafiya suke, dole in yarda.

Auta ba ta zo ba.